Tiren Barista da Lungun Bayan Gidanmu

Mai kitsona ce ta fara gaya mani wannan magana, kaina na kan cinyarta, tana jan gashin ƙeyata kamar mai cire ciyawa.

"Inna, ashe ƙanenki ya zama lauya, ba ku gaya wa mutane ba?"

Na ce, "Wane ƙanen? Guda ɗaya gare ni, shi ma masinja ne da ya yi ritaya."

"To shi ɗin. Ya fito da tebur ƙofar gida, ya kafa allo wai ana tsara takardun shari'a. Ɗansa ne ya aiko masa da tabulet, kwamfutar nan mai kama da tire. Har ya gaya wa mutane shi zai rubuta maki takardar lungu."

Na ce ta sassauta hannu, ciwon kai biyu ya yi mani yawa.

Bari in yi maku bayanin lungun, don shi ne kan zancen. Tsakanin gidanmu da na maƙwabcinmu Kafinta akwai wani ɗan siririn lungu. A takarda nasa ne, amma shekara talatin da ɗoriya muna bi, bai taɓa cewa uffan ba. Tun da aka ɗaga titi ƙofarmu ta gaba ta koma matakala bakwai. Maigidana kuwa, Malam, shekara huɗu ke nan ƙafafunsa sun daina ɗaukarsa, a keke nake tura shi. Ta ƙofar baya kaɗai keken ke fita, ta lungun nan. Sai ga Kafinta ya sayar da gidansa ga wani mai kemis, baƙo ne a unguwar, wanda ke son ya toshe lungun ya yi ɗakin ajiye kaya. Kafinta ya ce mani, "Inna, ran Alhamis za mu sa hannu a ofishin lauyarsa. Ki zo da takarda cewa hanyar nan ta zauna a buɗe, in ya yarda a haɗa. Alhamis na wucewa ba ni da bakin magana." Mai kemis kuma ya aiko cewa sai ya gani a rubuce zai yi tunani. Malam ya hana a gaya masa zancen keken. Ya ce ba za a yi bara da ƙafafunsa ba.

Shi kuwa ƙanen nawa, ni na goya shi, har yau ina jin nauyin kansa a bayana. Shekara ashirin da shida ya yi yana ɗaukar fayil a ofishin wani babban lauya. Da ogan ya ba shi tsohuwar baƙar kwat ɗinsa, 'yan layinmu suka laƙaba masa Barista don tsokana. Shi kuma ya amsa, bai sake ajiye sunan ba.

Ba a gama mani kitson ba sai ga shi ya yi sallama, cikin kwat, rana na dukan ƙasa, tiren a hammata.

"Yaya, ki kwantar da hankalinki. Shari'arki ta zo hannun masu ita."

"Ba shari'a nake yi ba. Layi biyar nake so, kuma gobe zan je wurin masu rubutu na bakin kotu."

Ya dafe ƙirji. "Masu buga takarda a gindin bishiya? Ina raye? Yaya, takardun da suka bi ta hannun nan, in aka tara su sun fi gidanki tsawo."

"Bi suka yi ta hannunka, ba ta kanka ba."

Malam daga kan gado ya ce, "Ki bar shi ya gwada mana. In ba ki ba shi ba, wa zai ba shi?"

Abin da ya karya ni ke nan. Na dubi wuyan kwat ɗin da ya sha guga har ya yi ƙyalli, na ce to.

Ran Litinin aka fara da awo. Kafinta ya fito da tef ɗinsa, Barista ya ɗaga masa hannu kamar ɗan sandan hanya.

"Kai ɓangare ne a maganar. Doka ba ta yarda da tef ɗin ɓangare ba."

"To ina naka?"

Babu. Ya laluba aljihun kwat, ya fito da tsohon tikitin mota da maɓalli. Sai ya durƙusa a bakin lungun, ya kwantar da tabulet ɗin a ƙasa, ya ja layi da tsinke, ya ɗaga, ya sake kwantarwa. Matan layi suka leƙo ta taga. Mai gyaran babur ya bar aikinsa ya zo da sifana a hannu.

"Bakwai da rabi," in ji Barista, yana kakkaɓe gwiwa.

Mai gyaran babur ya ce, "Bakwai da rabin me, Barista?"

"Na'ura ta san abin da ta auna."

Kafinta ya naɗe tef ɗinsa a hankali ya ce, "Shekara arba'in ina awo, yau na ga wanda ya auna ƙasa da talabijin."

Ran Talata aka yi rubutun a falona. Na zaci zai zauna ya danna haruffa kamar yadda jikokina ke yi. Ina! Ya jingina tiren da fulas a kan tebur, ya taɓa wani ɗan hoto, wani jan ɗigo ya kama ƙiftawa. Ya maida hannuwa baya, ya fara kai da kawo.

"Haka oga yake yi. Babban lauya ba ya taɓa inji. Faɗa yake yi, a rubuta. A da sakatariya ke rubutawa, yanzu wannan ce sakatariyata, kuma ba ta zuwa hutun haihuwa." Ya gyara murya. "Alhali kuwa ɓangare na farko, wanda nan gaba za a riƙa kira Kafinta..."

Na ce, "Da can me ake kiransa?"

"Yaya, kotu na zaune."

"To kotu ta ɗaga ƙafa, ta taka mani tabarma da takalmi."

Kafin ya kai alhali kuwa ta uku, tagata ta cika da kawuna. Ya ce a yi shiru, ba wanda ya yi. Mai sayar da tumatir ya tsaya a ƙofa yana kiran kayansa. Wata ta tambaya ko tiren na nuna fim. Na lura rubutu na ta zuba a gilashin kamar jerin tururuwa, ko da bakin Barista a rufe yake.

Na ce, "Kai, abin nan bai tsaya ba fa."

"Tunani yake yi. Yana ƙara wa maganata gishirin doka."

Can sai tiren ya yi ƙara, wai caji ya kusa ƙarewa. Soket ɗaya ne mai aiki a falon, a bayan gadon Malam, wayar cajin kuwa ba ta fi kamu biyu ba. Barista ya ce babban lauya ba ya faɗar doka a zaune, don haka ya riƙe tiren a hannu yana zagaye a gindin soket, taku biyu gaba, taku biyu baya.

Mai gyaran babur ta taga ya ce, "An ɗaure Barista a turke!"

Aka kwashe da dariya. Ya juya zai ba shi amsa, wayar ta harɗe fulas, fulas ya bi ƙasa, ruwan zafi ya sami ƙafar wandonsa. Ya yi wani tsalle da ban san yana da shi ba. Ya ajiye tiren a kan matashin Malam, ya sunkuya ya yi masa wata magana ƙasa-ƙasa, Malam ya yi dariya har da tari. Sannan ya sanar cewa kotu ta tafi hutu, ya fita ya sauya wando.

Hutun nan ya kai awa ɗaya. Mutane suka watse. Mai kitso ta shigo karɓar matajin da ta manta, muka ɗan taɓa hira kamar yadda mata ke yi in ɗaki ya zama nasu. Da ta tafi, ni da Malam muka yi 'yar maganarmu ta tsofaffi. Jan ɗigon nan na gefenmu yana ta ƙiftawa, ni kuwa na ɗauka alamar caji ce.

Ran Laraba da la'asar ya dawo daga shagon buga takardu yana tafe kamar wanda ya ci zaɓe. Shafi goma sha tara. An ɗinke, an ɗaure da jan zare, ya ɗiga kyandir a kan ƙullin ya danna maɓallin kwat ɗinsa a kai.

"Layi biyar na ce maka."

"Layi biyar na talaka ne, Yaya. Ɗaga ki ji nauyi. Mai shagon ma sai da ya ce, Baba, ka duba abin nan kuwa? Na ce yaro, shekara ashirin da shida ban taɓa ganin oga ya karanta abin da ya faɗa ba. Faɗa yake, a kawo, ya sa hannu. Mai shakkar kansa ne ke karantawa."

"To ni karanta mani. Karatuna bai yi nisa ba, amma kunnena lafiya lau."

"An rufe da hatimi. Sai gaban lauya."

Na kai hannu, ya ɓoye a bayansa kamar lokacin da yake satar mani gyaɗa yana ɗan shekara biyar. Da na san abin da ke ciki, da na zauna a kansa na ƙwace.

Ran Alhamis muka tafi. Ofishin a saman bene yake, don haka Malam ya zauna a gida. Barista ya gayyaci rabin layinmu su zo su ga aiki. Mai gyaran babur ya zo, mai kitso ta zo, har da wasu da ban san su ba, suka cika baranda suka toshe ƙofa. A ciki ga Kafinta, ga mai kemis, dogo, fuska a ɗaure, ga lauyarsa, yarinya ce da ba ta wuce sa'ar 'yata ta uku ba, da tabarau a kan hanci.

Barista ya miƙa takardar da hannu biyu ya ce, "Abokiyar aiki, ga namu."

Ta dube shi ta saman tabarau, ta yanke zaren da almakashi. Ta ce ƙa'idarta ce ta karanta kowace takarda a fili kafin a sa hannu. Barista ya juya ya kashe wa baranda ido.

"Alhali kuwa ɓangare na farko ya mallaki wani lungu mai faɗin tabulet bakwai da rabi." Ta tsaya. "Baba, tabulet ɗin a tsaye ko a kwance?"

Ya gyara wuyan kwat. "Ya danganta."

Kafinta ya sa hula a baki.

Ta ci gaba, murya ɗaya, ba hawa ba sauka. "Wanda nan gaba za a riƙa kira Kafinta da can me ake kiransa Yaya kotu na zaune to kotu ta ɗaga ƙafa ta taka mani tabarma da takalmi alhali kuwa a sayi tumatir."

Baranda ta fashe. Ni kuwa a nan na gane tiren nan duk abin da ya ji ya rubuta, bai zaɓi bakin kowa ba.

Barista ya ce, "Wannan gabatarwa ce. A wuce gaba."

Ta wuce. "Shafi na shida. An ɗaure Barista a turke. Wayyo ƙafata. Malam in gaya maka gaskiya ni har yau ban san abin da alhali kuwa take nufi ba oga dai ba ya fara takarda sai da ita."

Mai gyaran babur ya zauna a ƙasa yana buga cinya. Barista ya ce na'urar abokan gaba sun shiga cikinta. Ba wanda ya ji shi.

Na ce, "'Yar nan, ya isa haka."

Mai kemis ya ce, "A'a. An ce in gani a rubuce. A karanta."

Ta ɗan dube ni kamar mai ba da haƙuri, ta juya shafi. "Shi Kafinta mutumin kirki ne amma kujerarsa ba ta taɓa tsayawa da ƙafa huɗu ba duk wadda ya yi mani sai na sa mata kwali."

Kafinta ya cire hular daga baki. "Inna! Ni?"

"Ai na ce kai mutumin kirki ne."

"Shi kuma mai kemis ɗin," lauya ta ci gaba, "na gan shi sau ɗaya fuska kamar shi ke ɗanɗana magungunan kafin ya sayar ai kuwa Inna ba ki ji abin da aka ce game da matar mai gyaran babur ba."

Dariyar mai gyaran babur ta tsaya cak. Ya ce, "Me aka ce?" Na waiwaya neman mai kitso, sai takalminta ɗaya na gani a kan matakala.

Mai kemis ya miƙe, ya ɗauki makullin motarsa. "Na gani a rubuce. Ranar Asabar magina za su zo."

Ban ga kowa a ɗakin ba, keken Malam kawai nake gani da matakala bakwai. Bakina ne ya jawo, ba na ƙanena kaɗai ba. Na dubi Barista, ya yi tsuru-tsuru cikin kwat, ya koma ɗan yaron da ya taɓa fasa mani tulu.

Lauya ba ta ɗago ba, idonta na bin shafukan gaba. Ta ce, "Ranka ya daɗe, dakata. Wannan ba zan karanta a fili ba." Ta zare shafi na goma sha huɗu ta miƙa masa.

Ya karanta a tsaye. Ni na san abin da ke ciki, don da bakina da na Malam aka yi shi. Malam ne ya ce in an toshe lungun a bar shi a ɗaki, ya ga titi iya gani. Na ce ƙarya yake, kullum shi ke fara tambaya ko rana ta fito a tura shi bakin hanya. Na ce ko goya shi zan yi in hau matakalar nan. Ya ce da wannan bayan nawa, mu biyu za a kwasa a kai asibiti. Na ce to a kwasa, dama tare muka zo.

Mai kemis ya daɗe a kan shafin, fiye da yadda rubutun ya kai. Ya zauna.

"Mama, me ya sa ba a gaya mani akwai mara lafiya ba?"

"Ya hana. Ya ce ba za a yi bara da ƙafafunsa ba."

"To ba a yi ba. Na'ura ce ta yi gulma." Ya juya wurin lauya. "Rubuta a bar hanyar." Sannan ya dube ni, fuskar nan dai ba ta saki ba. "Fuskata kuwa, Mama, haka aka haife ni da ita. Uwata ma ta yi ƙorafi."

Na ce, "Allah ya ba ta haƙuri, ni ma ka yafe mani."

Lauya ta tambayi faɗin lungun. Kafinta, yana kallon bango don fushi yake da ni, ya ce, "Ƙafa huɗu da inci uku. Na auna tun kafin a kawo talabijin." Ta buga a kwamfutarta, layi biyar cif. Ta karanta mana sau biyu, ta gyara kalma ɗaya, ta sake karantawa, sannan aka sa hannu.

Da za mu fita ta ce wa ƙanena, "Baba, a ofishinku in oga ya gama faɗa, ina kake zuwa?"

"Kai wasiƙu."

"To lokacin da kake hanya, sakatariyar nan na zaune tana cire shirme tana gyarawa, ta karanta sau uku kafin ta kai masa. Wannan tiren ba ya cire komai."

Muka kama saukowa daga benen. Na fara jin tausayinsa, har na kai hannu zan gyara masa wuyan kwat. Muna isa ƙasa ya juya ya fuskanci 'yan layinmu, ya ɗaga yatsa.

"Kun dai gani da idonku. Takardar wa ta ci shari'ar? Shafi na goma sha huɗu! Layi biyar zai iya wannan?"

Mai gyaran babur ya ce, "Ni shafin da aka yi zancen matata nake so a ba ni."

A gida na gaya wa Malam komai, har da yadda asirinsa ya fita. Ya tambaya ko an karanta wurin da na ce tare muka zo. Na ce mai kemis kaɗai ya gani. Ya ce to da sauƙi, kada mutane su ɗauka ina sonsa.

Washegari da safe na tura shi ta lungun, na tsaya wurin Kafinta na ba shi aikin sabuwar kujera, na ce ko da ƙafa uku ce zan karɓa. Na ajiye Malam a bakin hanya inda rana ke sauka, na wuce gidan ƙanena da tsohon tabaran Malam a ƙullin zanena. Na same shi a teburinsa, wata baiwar Allah na zaune tana jiran ya tsara mata takardar haya. Na ajiye masa tabaran na ce daga yau duk abin da ya faɗa sai ya karanta, sau uku, kuma a gaban mai takardar. Ya fara cewa, "Alhali kuwa, Yaya..." Na ɗaga masa hannu. Na ɗauki tiren, na shiga da shi kicin ɗin matarsa, na kife babbar tukunya a kansa, na ja ƙofa. Sannan na dawo na zauna, na gaya masa sauran abin da ke bakina.